Zauren Sojojin Tebur: 'Yan Dako, Leburori da Dogon Yaƙi a Kan Taswira

Masu karatu, assalamu alaikum. Wasiƙun wannan wata kusan duk sun tsaya a kan mutanen da ke bin rundunar yaƙi da gammo da diga da igiyar jaki maimakon makami. Ga wanda yau ya fara cin karo da wannan fili, wasan da muke magana a kai shi ne wanda ake jera ƙananan mutum-mutumin mayaƙa a kan tebur, a auna tafiyarsu da tef, a yanke sakamakon arangama bisa rubutattun ƙa'idoji. Idan aka ɗinke faɗace-faɗace masu yawa da taswira ɗaya da kalanda ɗaya, har abin da ya faru wannan Asabar ya shafi ta gaba, shi muke kira dogon yaƙi.

Daga wani malamin tarihi, Mabera: Ina da mayaƙa masu tsawon milimita 28 kusan ɗari da ashirin. Na so in ƙara 'yan dako, abokan wasana suka ce asarar fenti ce tunda ba sa harbi. Nawa ya kamata in samu, kuma wane aiki za su yi a tebur?

Allah ya gafarta Malam, idan faɗa ɗaya za ku yi da yamma ku tattara, abokanka ba su yi kuskure ba. A dogon yaƙi kuwa ɗan dako ne ke faɗa wa sarkin yaƙi iya nisan da zai je. Ga lissafin da za ka nuna musu, da adadin da muke amfani da shi a matsayin ƙa'idar wasa. Ɗan dako na ɗaukar kilo 25 na hatsi, kowane mutum na cin kilo ɗaya a yini, ana tafiyar kilomita 20 a rana. Idan kowane mayaƙi na da ɗan dako ɗaya, baki biyu ne ke cin kayan, sai ya ƙare a kwana 12. Tunda sai an dawo gida, kwana shida kenan na tafiya gaba, kilomita 120. Daga Sakkwato zuwa Birnin Kebbi kimanin kilomita 150 ne, ka ga ba a kai ba. Ka ninka 'yan dakon, kwana 16 za ka samu, ba 24 ba, domin wanda ka ƙaro shi ma yana ci. Ka mayar da su uku, kwana 18. Ko dubu ka jera a bayan mutum ɗaya ba za su wuce kwana 25 ba. Daga nan ne ɗan wasa ke gane dalilin kafa rumbu a hanya, da dalilin jiran kaka, da dalilin da ya sa ake fasa kewaye birni alhali ba a yi rashin nasara a fage ba. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Tarihi ma haka ya nuna. Rundunar Turawa da ta ci Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903, ta iso Sakkwato aka yi karon Giginya ranar 15 ga Maris, ta zo da ɗaruruwan 'yan dako. Igwarsu ta yaƙin tsaunuka mai bakin milimita 75 kwance ta ake yi gunduwa-gunduwa a ɗora wa mutane a ka. A Yaƙin Duniya na Ɗaya an kwashi 'yan dako daga Najeriya zuwa Gabashin Afirka, kuma cuta da yunwa sun kashe masu ɗaukar kaya a wannan fage fiye da yadda harsashi ya kashe. Unguwar Kariakoo ta Darussalam da Kariokor ta Nairobi daga sunan rundunar 'yan dakon suka samo suna. Da yawa cikinsu tilas aka yi musu, kamar yadda a yaƙe-yaƙen ƙasar Hausa na da bayi da talakawan da aka tara da umarnin sarki ke ɗaukar kaya. Tunda kai malami ne, wannan bai kamata ya ɓace wa ɗalibanka ba.

Ga mayaƙa 120, ka nemi 'yan dako 30 zuwa 36, ka jera su uku-uku a kan gindi ɗaya, wato ɗan faifan da ake manna su a kai, kowace igwa ko bindiga mai ruwa kuma ta samu nata gindin daban. Ka ba su ƙa'ida uku. Rukunin da ya yi nesa da 'yan dakonsa fiye da santimita 30, harbi uku kawai ya saura masa. Idan abokin gaba ya matso cikin santimita 15, sai a jefa ƙwayar lido: 1 ko 2, sun yar da kaya sun gudu. Kayan da aka yar kuma ganima ce, ana rubuta ta cikin guzurin wanda ya kwasa a taswira. Da wannan ta ukun za ka ga barade sun daina afka wa bakin bindiga sun koma zagayawa ta baya.

Daga wani ɗalibi, Runjin Sambo: Na mayar da wani mai mashi ɗan dako, na manna masa akwati a ka da supa gulu. Akwatin ya faɗi sau biyu, shi kansa kuma ba ya tsayuwa. Ina na kuskure? Akwai inda ake sayar da su a shirye?

Ɗana, akwai. Wargames Foundry na Ingila na da 'yan dakon Afirka na ƙarfe a ma'aunin milimita 28, sai dai kuɗin waje da na aike kan fi ƙarfin ɗalibi. Abin da ka fara shi ne hanya, gyara kawai yake so.

Matsalar farko ita ce gam kaɗai ka dogara da shi. Supa gulu na riƙe abin da aka ja shi tsaye, amma bugu daga gefe na ɓalle shi, saman kai kuma ƙanƙanin wuri ne. Ka goge saman kan da magagari ya ɗan baje. Ka huda shi da ƙaramin diril na hannu mai bakin milimita 0.8 ko 1, zurfin milimita 3. Ka yanko waya daga kilif ɗin takarda mai tsawon milimita 6, rabi a kai, rabi a cikin kayan, sannan ka ɗiga gam. Gammon ma ba ado ba ne kawai: murɗa ƙullin Milliput ko Green Stuff siriri, ka naɗa shi zobe mai faɗin milimita 5 a gindin wayar, ka danna kayan a kai tun bai bushe ba. Shi zai cike giɓin ya faɗaɗa wurin riƙo. Ƙullin nan kala biyu ne, ana haɗa su daidai wa daida har launi ya zama ɗaya, kuma a zafin Afrilu yana saurin tauri, don haka ka kwaɓa kamar ƙwayar wake ɗaya a lokaci guda. Irin wanda masu gyaran famfo da kanikawa ke amfani da shi yana kamawa cikin 'yan mintoci, buhu da taiki kaɗai zai yi maka.

Hannu kuwa, yanke shi daga kafaɗa da reza mai kaifi, ka cire mashin, ka sa waya a gaɓar kamar yadda ka yi a kai, ka ɗaga shi ya dafa gefen kayan. Ba dole ne kowa ya ɗaga hannu ba. Gwanin dako kan saki kaya ya riƙe sanda, don haka ɗaya cikin uku ka bar musu hannu a ƙasa.

Ka kuma duba irin robar. Mai tauri, irin ta akwatunan Perry Miniatures, gam ɗin roba ke narkar da ita ta haɗe. Mai laushi da ke lanƙwasawa, irin ta yawancin sojojin ma'aunin 1/72, wato kashi ɗaya cikin 72 na girman mutum, ba ta karɓar gam ba ta karɓar fenti sai an wanke ta da omo, an sa waya, an shafe ta da Top Bond da aka tsinka da ruwa.

Faɗuwar kuma daga nauyin sama ne. Kada ka yi kayan da ƙarfe ko dunƙulen ƙulli. Akwatin da a zahiri yake santimita 60 a tsawo, 30 a faɗi, 30 a tudu, a wannan ma'auni milimita 11 da 5 da 5 ne, sandunan ashana da aka manna aka yanke sun isa. Damin gero: tsinken tsintsiyar laushi guda goma sha biyar, tsawon milimita 18, a ɗaure da zare wuri biyu. Tulu: dutsen ado mai milimita 7 da ɗan ƙulli a baki. Sannan ka manna ƙafafun a kan washa ta ƙarfe mai faɗin milimita 25, irin ta masu sayar da noti. Nauyin zai koma ƙasa, kuma in ka shimfiɗa maganaɗisu a akwatin ajiya ba za su yi karo a kan kabu-kabu ba. Wani gargaɗi: na ƙarfe da yawa akwai dalma a cikinsu. A wanke hannu bayan guga, kada a bar wa yara ƙanana, kuma kada wanda ya narka dalmar batirin mota a gida don yin zubi.

Daga wani Alhaji, Gawon Nama: Zaurena ƙarami ne, amma ina son ganin runduna ta dubban dawaki da ayarinta. Wane girma zan saya?

Ranka ya daɗe, milimita 6. Runduna mai mutum dubu goma, idan kowane mutum-mutumi na milimita 28 ya wakilci ashirin, guda 500 kenan, kuma ko awa ɗaya-ɗaya ka ba kowanne wajen fenti ka ci awa 500. A milimita 6 ana jera dakaru 24 ko mahaya 9 a kan gindi mai milimita 60 da 30. Ka ce kowane gindi mutum 500 ne, gindi 20 sun gama rundunar, sahu biyu kuma santimita 60 kawai zai ci. Teburi mai ƙafa shida da huɗu zai ɗauki ɓangarori biyu har da sansani da jerin jakai da raƙuma, filawud ɗaya mai ƙafa takwas da huɗu ya ishe ka da ragi. Baccus da Irregular Miniatures na yin wannan girma, Pendraken na yin milimita 10 idan ido ya fara gajiya. Da wuya ka samu 'yan lifida da sunansu. Ka ɗauki mahayan Sudan ko na Larabawa masu rawani, ka lulluɓe jikin dokin da 'yar takardar tishu da aka jiƙa da Top Bond, in ta bushe ka ja mata layukan ja da fari da shuɗi. Daga nisan hannu lifidi ne sak.

Daga wasu matasa shida, Bodinga: Sau biyu muna fara dogon yaƙi yana mutuwa a mako na huɗu. Yanzu muna son mu yi na shekarun 1804 zuwa 1808. Yaya za mu tsara shi ya kai ƙarshe?

'Yan'uwa, kun zaɓi zamanin da ya fi kowane dacewa da darasin guzuri. Hijirar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo daga Degel zuwa Gudu a Fabrairun 1804 aka yi ta. A Yuni aka gwabza a Tafkin Kwato, inda jama'ar Shehu, mafi yawansu 'yan baka da dawaki ƙalilan, suka rinjayi rundunar Sarkin Gobir Yunfa mai barade da lifida. Ƙarshen shekarar aka sha wuya a Tsuntsuwa, aka rasa malamai da mahaddata da yawa. A 1805 aka ci Birnin Kebbi, aka zauna Gwandu, aka yi mummunan karo a Alwasa. Alƙalawa ba ta faɗi ba sai 1808. A tsakanin waɗannan, neman abinci da makiyaya na cikin abin da ya riƙa tayar da jama'a daga wannan wuri zuwa wancan. Wasan da ya bar yunwa a waje bai kama wannan tarihi ba.

Farko, mutum ɗaya cikinku ya haƙura da wasa ya zama alƙali. Shi kaɗai ke riƙe taswirar gaskiya. Sauran biyar su raba: biyu ɓangaren jama'a, biyu Gobir, ɗaya ya riƙe Kabi da Zamfara da Buzaye, yana ƙulla amana yana warwarewa yadda ya ga dama. Wannan na biyar ɗin shi ke hana wasa zama jan layi.

Taswira kada ku cika ta da gidajen dara. Ku zana zango 30 zuwa 40 a kan kwali, ku haɗa su da layuka, kowane layi tafiyar kwana biyu. Kowane zango a rubuta masa lamba biyu: hatsin da yake bayarwa, daga 0 zuwa 3, da ruwansa, ko gulbi ko rijiya ko babu. Garuruwan fadamar Rima su samu 3, dajin arewa 0 ko 1. Rundunar da ta ci hatsin wani zango, sai lambarsa ta sauka da ɗaya har zuwa kaka mai zuwa. Da wannan 'yar ƙa'ida ba wanda zai iya zama wuri ɗaya yana jira.

Guzuri kada a lissafa shi da mudu, abin da ke kashe wasa kenan. Ku yi amfani da ƙwayar wake a cikin gwangwani. Gindin dakaru na cin ƙwaya ɗaya a zagaye, na dawaki uku. Gindin 'yan dako na ɗaukar huɗu yana cin ɗaya, na jakai shida, na raƙuma goma amma ba ya ƙetare gulbi da damina. Rukunin da bai ci ba zagaye ɗaya yana shiga faɗa da rauni, zagaye biyu a jere kashi ɗaya cikin huɗu ya watse ya koma gida.

Kowane zagaye wata ɗaya ne a cikin wasa, mako ɗaya a zahiri. Daga Yuni zuwa Satumba ku dunƙule watannin damina su zama zagaye biyu, rabin mayaƙa sun tafi gona, tafiya ta koma rabi. Umarni ya isa wa alƙali ta WhatsApp kafin sallar isha'i ta Laraba, layi uku kawai ga kowace runduna: ina za ta, me za ta yi, idan ta haɗu da abokin gaba ta tsaya ko ta ja da baya. Wanda bai aiko ba, rundunarsa ta zauna ta ci guzurinta, ba a jiran kowa. Alhamis alƙali ya ba kowa labarin abin da 'yan leƙen asirinsa suka gani, kuma yana da damar rage ko ƙara adadin abokan gaba da kashi ɗaya cikin uku. Asabar a yi faɗa ɗaya a tebur, mafi girma. Sauran ƙananan alƙali ya yanke su da ƙuri'a. Masu cewa sai an buga kowane karo a tebur su ne wasansu ke tsayawa a mako na huɗu.

Bayan faɗa, waɗanda aka cire daga tebur a kasa su uku: kashi ɗaya sun mutu, ɗaya raunana ne da za su dawo bayan zagaye biyu, ɗaya sun tarwatse za su dawo nan take. Wanda ya bar fage ya rasa raunanansa, sai in yana da gindin 'yan dako da bai ɗauki kaya ba. Domin kada wanda ya fara nasara ya yi ta haɗiye kowa, kowane gari da aka ci sai an bar masa gindi ɗaya na tsaro, in ba haka ba ya yi tawaye.

Leburori kuma ga aikinsu. Gindi ɗaya na masu haƙa da magina na tara maki ɗaya a zagaye. Shingen ƙaya maki 1, gwalalo 3, ganuwar ƙasa 8, rijiya 2. Da rani ƙasa ta yi tauri kuma ruwan kwaɓa ya yi wuya, sai maki ya koma rabi idan zangon ba shi da gulbi. Ganuwar tebur a yanka ta daga farin soson da ke zuwa cikin kwalin firiji, tudun santimita 10 ga 'yan milimita 28, ko 2 zuwa 3 ga 'yan 6, ƙasanta ya fi samanta kauri. A shafe ta da Top Bond da yashi mai laushi sau biyu kafin fenti, domin fentin feshi na narka soson in ya taɓa shi kai tsaye. Kada a yaɓa jar ƙasa ta gaske, tana tsagewa tana zuba.

Ku sa ranar rufewa tun yau: zagaye 16, wato ku buga kimanin shekara ɗaya da rabi, ku ƙirga garuruwa da rumbuna, ku huta. In an ji daɗi a ɗora kashi na biyu bayan azumi. Abu na ƙarshe, kuma muna faɗarsa da nauyi: kada ku yi wa Shehu Usmanu, ko Abdullahi, ko Muhammadu Bello mutum-mutumi, tuta ta wakilci jagora, kuma tuta ba a kashe ta a wasa, ja da baya take yi. A teburinku za a samu jikokin Gobirawa da Kabawa da Fulani, kowa kakanninsa ne ke kan taswirar, don haka alƙali ya hana gori tun daga zaman farko. Ziyara ɗaya zuwa gidan adana tarihi na Waziri Junaidu a cikin garin Sakkwato za ta gyara muku fasalin makamai da tufafi fiye da hotunan intanet.

Daga wata malamar sakandare, Arkilla: Ina son in koyar da tarihi da wannan wasa, amma wasu iyaye na ƙyamar mutum-mutumi, wasu kuma na ganin ƙwayar lido caca ce.

Malama, hukuncin wannan na malaman addini ne, a tambaye su, kuma a girmama iyayen. Ta fuskar wasa kuwa ba abin da za ki rasa. Wasan da wani hafsa mai suna Reisswitz ya gabatar wa manyan hafsoshin Furushiya, tsohuwar daular Jamusawa, a 1824 ba shi da mutum-mutumi ko ɗaya, 'yan tubala ne ja da shuɗi a kan taswira, da alƙali a tsakani. Ki sa kafinta ya yanka miki katako mai santimita 4 da 2 da 1, guda sittin, ya goge da sanfefa. Rabi fari, rabi ja. A saman kowanne a zana baka, ko mashi, ko sirdi, ko gammo, ko hauya, a ɗiga fenti a gefen da yake fuska. In an kifa shi abokin gaba bai san ko barade ne ko jakai ba, abin da mutum-mutumi ba ya iya yi. Maimakon ƙwayar lido, ki ba kowane ɓangare katuna shida masu lamba 1 zuwa 6. A kowane karo kowa ya zaɓi ɗaya ya kifa, a buɗe tare, wanda aka yi amfani da shi ba ya dawowa sai shidan sun ƙare. Sa'a ta fita, saura dabarar lokacin da za a kashe babbar lamba.

Daga wani mai fenti, Minannata: Fentina na bushewa a kan buroshi, feshin farko ya fito kamar yashi, banish kuma ya bar farin hazo.

Duk ukun yanayin garinmu ne, Malam. Feshi da rana tsaka a bazara yana bushewa a iska kafin ya sauka, shi ne yashin. Ka fesa bayan asuba, a inuwa, daga nisan santimita 20, bayan girgiza gwangwanin minti biyu cur, ko ka shafa fentin shimfiɗa da buroshi. Ga fentin akirilik, sami roba mai murfi, ka shimfiɗa soso siriri da ya sha ruwa, ka ɗora takardar gashin burodi, ka zuba fentin a kanta, ka kashe fanka. Hazon banish daga laimar Agusta yake, ka jira rana busasshiya, wanda ya riga ya yi fari kuma shafa masa banish mai sheƙi da buroshi yakan mayar da shi. Da hunturu ka kifa kwano a kan duk abin da bai bushe ba. Kada ka bar na roba ko na resin cikin mota a rufe, masu da bindigogi za su lanƙwashe. Ruwan zafi na daƙiƙa ashirin, a miƙar da hannu, a tsoma a ruwan sanyi, shi ne gyaran.

Daga wata Hajiya, Ƙofar Marke: Kakanmu ya je yaƙin Bama a Yaƙin Duniya na Biyu, ya ce shi kaya ya ɗauka, bai riƙe bindiga ba. Ɗana na son ya yi rukuni irin nasu. Yaya kamanninsu?

Hajiya, Allah ya jiƙan tsoho. Irinsu sojoji ne cikakku masu lamba da albashi, ko da yake ba a ba yawancinsu bindiga ba. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma ne suka yi wannan yaƙi. Ta 81 ta shiga kwarin Kaladan a 1944, cikin tsaunuka da kurmin da mota ba ta bi, jirgin sama na jefo kaya, su kuma suna ɗauka a ka zuwa bakin daga: harsashi, abinci, rediyo, sassan igwa, da raunana a kan makara. Su ne kuma ke sare daji, su gyara filin da za a jefo kaya, su haƙa hanya a gefen dutse. Wasu bataliyoyin Najeriya sun shiga cikin 'yan Chindit, rundunar da ke kutsawa bayan sahun Japanawa. Barikin Chindit na Zariya da Kalapanzin na Kaduna da Arakan na Legas duk daga can sunayensu suka zo.

Yaron ya nemi sojojin Ingila ko Ostireliya na fagen Gabas mai Nisa masu malafa mai faɗin baki, a 1/72 ko milimita 28. Jar dara da jan ɗamara kayan fareti ne, ba su shiga kurmi ba. Ya cire bindigar, ya bar jakar baya da gorar ruwa, ya rataya adda a ƙugu, wadda zai yanka daga murfin robar man shafawa, tsawon milimita 9 ga mai 28. Wanda zai ɗora wa kaya ya cire masa malafar ya manna ta a kan jakar baya, ya sa gammo kamar yadda muka faɗa wa ɗalibin Runjin Sambo. Kaki kore mai duhu, a ɗan haɗa shi da toka domin rana da ruwa sun koɗar da shi, gwiwa da ƙafar wando a goga musu launin taɓo. Fata kada a yi ta da baƙin fenti, yana kashe fuska. A fara da ruwan ƙasa mai duhu, a bi lunguna da wanda ya fi shi duhu an tsinka shi sosai, sannan a taɓa goshi da hanci da kumatu da ruwan ƙasa mai ja-ja. Akwatin harsashi kore ko ruwan ƙasa, buhun shinkafa launin algarara, laimar jirgi kuma daga 'yar farar leda da aka tattare aka shafe da gam. Ga kowane soja goma masu bindiga ya yi masu kaya huɗu da masu makara biyu. In kuna da lambar kakan a takardar sallama ko a gefen lambar yabonsa, ya rubuta ta da alƙalami mai siririn baki a ƙarƙashin gindin wanda ke gaban jerin, ya bi ta da banish kada hannu ya goge ta.